Wa ya ƙirga aikin Inna? Jami'a da maganar jinsi da ci gaba a Jega, Aliero da Maiyama

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba. Maudu'in yau na san wasu suna jin sunansa za su ɗaure fuska, amma ku yi haƙuri mu kai ƙarshe tukuna. Za mu yi magana a kan abin da jami'o'i ke koyarwa da abin da suke bincike game da jinsi da ci gaba, abin da ’yan boko ke cewa jenda, da kuma ko wannan aiki yana da wani amfani ga mutanen Jega, Aliero da Maiyama.

Bari in fara da wani abu da ya faru da ni, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya.

Lokacin da nake ajin ƙarshe a jami'a, furojet ɗina a kan kuɗin shigar gidajen manoma ne. Na ɗauki takardun tambayoyi na tafi wani ƙauye a ƙasar Maiyama, ni da wata ’yar ajinmu da ke nata aikin a kan abincin yara. Ni namiji ne, kun san gidajenmu, ba shiga. A zaure nake tsayawa, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma. In na zo tambayar sana'ar matar gida, amsa ɗaya ce kusan ko'ina: “Ba ta sana'a, tana gida.” Ni kuma in rubuta haka in wuce.

Da yamma muna jiran mota, sai ’yar ajin nan tawa ta ce in ba ta takarduna ta gani. Ta zaro ta wani gida ta yi dariya. Ta ce matar gidan nan da ka rubuta ba ta sana'a, na tarar da ita tana gumin shinkafa a rabin duro, tana da awaki a ɗaure, ’yarta ta fita tallan ƙuli-ƙuli, kuma ita ce uwar adashin unguwar. Maigidan bai yi mini ƙarya ba. A wurinsa sana'a ita ce wadda ake fita a yi a gona ko a kasuwa. Tambayata ce gurguwa, kuma wurin da na tsaya na yi ta ma bai dace ba.

To wannan shi ne gaba ɗayan abin da za mu tattauna yau. In ka fahimci abin da ya faru a zauren nan, ka fahimci rabin karatun jinsi da ci gaba.

Mene ne ma jinsi a wannan karatun?

Akwai bambancin halitta tsakanin namiji da mace, wannan Allah ne Ya yi shi, babu mai gardama. Sannan akwai rabon aiki, da rabon dukiya, da rabon magana da al'umma ke yi tsakanin maza da mata, wanda yake canzawa daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani. A wasu yankunan kudancin Kebbi, kamar ƙasar Zuru, za ka ga mata a gona da fartanya. A cikin garin Jega kuwa yawancin matan aure aikinsu a cikin gida yake. Halitta ɗaya ce, tsarin ne ya bambanta. Wannan tsarin shi masu karatun ke dubawa: wa ke noma, wa ke sarrafawa, wa ke sayarwa, kuɗin hannun wa suke shiga, wa ke yanke shawarar a kai yaro asibiti, wa ake gayyata in gwamnati ta kawo taki.

Na san tsoron da ke zukatan mutane. Da an ce jenda, wani zai ce ga Turawa nan sun zo raba mana aure, wani ya ce hanya ce ta shigo da abin da addini ya haramta. Ba zan ce tsoron nan daga iska ya faɗo ba, don akwai masu amfani da kalmar a kan abubuwan da al'ummarmu ba ta yarda da su ba. Amma tambayar wa ya samu taki, wa bai samu ba, tambaya ce ta adalci. Kuma addininmu ya ce sadaki na mace ne, abin da ta nema da hannunta nata ne, kuma tana da rabonta a gado. In ’yan'uwa maza suka riƙe gonar gado suka ce wai ai ita aure za ta yi, mai binciken da ya bankaɗo hakan bai saɓa wa shari'a ba, ya nuna inda aka saɓa mata ne.

Daga ina karatun ya samo asali?

A 1970 wata masaniyar tattalin arziki ’yar ƙasar Denmak, Ester Boserup, ta fitar da littafi a kan rawar da mata ke takawa a bunƙasar tattalin arziki. Abin da ta nuna shi ne a wurare da yawa na Afirka mata ne ke yin babban kaso na aikin abinci, amma in an kawo horo, ko sabon iri, ko garma, maza ake ba. Daga nan maganar ta yi ƙarfi, har aka kai ga babban taron mata na Beijin a 1995, sannan a 2015 ta zama buri na biyar cikin muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Najeriya ma ta fitar da manufarta ta ƙasa a kan jinsi a 2006.

Amma kar ku ɗauka duk daga waje ne. A ƙarshen shekarun 1960 wata mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: hatsi da abinci da matan kulle ke saya da sayarwa daga cikin gidajensu ta hannun yara, cinikin da mai tsayawa a kasuwa ba zai taɓa ganinsa ba. A shekarun 1970 wata kuma, Enid Schildkrout, ta yi aiki a birnin Kano a kan tallan yara, ta nuna yadda jarin uwa ya rataya a kan ƙafar ’yarta. A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifar da ƙungiyar WIN, ta matan Najeriya, kuma Ayesha Imam na cikin waɗanda suka assasa ta. A 1987 Farfesa Bolanle Awe da abokan aikinta suka buɗe cibiyar bincike da adana bayanai a kan mata a Jami'ar Ibadan. Yau Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyarta ta nazarin jinsi. Kun ga ke nan an daɗe ana wannan aiki a ƙasar Hausa.

Ayyuka uku na jami'a

Duk jami'a ana cewa aikinta uku ne: koyarwa, bincike, da hidima ga al'umma. Mu kuma a wannan yankin ba mu da uzurin cewa jami'a ta yi mana nisa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Tsangayar aikin gonarta tana da gonar koyarwa da bincike a nan Jega. Ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. To bari mu ɗauki ayyukan uku ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda maganar jinsi take shiga.

Na farko, koyarwa

Wani zai ce jami'ar kimiyya me ya haɗa ta da wannan, ai maganar ’yan nazarin zamantakewa ce. Ga amsa. Ɗalibin injiniya da zai ƙera na'urar gumin shinkafa, in bai san cewa mace ce za ta yi aiki da ita a tsakar gida ba, a wurin da babu lantarki, ga yara na rarrafe, zai ƙera abin da za a yi ta ɗaukar hoto da shi a ranar baje koli, ba wanda za a saya ba. Ɗalibin malamin gona da aka koya masa ya tara manoma a ƙofar fadar hakimi, in ba a koya masa ya tambayi su wa ba su zo ba, zai gama aikinsa bai taɓa magana da mai kiwon awakin garin ba. Ɗalibar lafiya da za ta yi wa mai ciki faɗa don ba ta zo awo ba, ya kamata ta san cewa wataƙila kuɗin mota da iznin fita ba a hannun matar suke ba, ke nan wanda ya kamata a yi wa bayani yana zaune a majalisa.

Saboda haka ba dole sai an buɗe sabon sashe mai babban allo ba. Abin da ake buƙata shi ne kowane lakcara, a darasinsa, ya saba wa ɗalibai da tambaya ɗaya: wannan abin, wa zai amfana, wa za a bari a baya? Wani lokacin wanda aka bari a baya ma namiji ne. Yaron da aka cire daga makaranta lokacin dashen albasa, da almajirin da ke kwana a tasha, su ma suna cikin lissafin.

Na biyu, bincike

Bari in ba ku misali daga maƙwabta. A 1996 wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya fitar da bincike a kan gidajen manoma a Burkina Faso. Ya kwatanta gonar miji da gonar mata, gida ɗaya, iri ɗaya, shekara ɗaya. Sai ya ga amfanin gonar matar ya gaza na mijin da kusan kashi 30 cikin 100. Dalili ba lalaci ba ne. Taki kusan duk gonar maigida yake tafiya, ’yan aiki ma sun fi yawa a can. Ma'ana da an ɗan karkatar da takin, rumbun gidan gaba ɗaya ne zai ƙaru. Wannan shi ne amfanin bincike: yana fitar da magana daga musun majalisa ya kai ta inda za a iya auna ta.

Yanzu mu dawo gida. Aliero ta yi suna a albasa har wajen Najeriya. Kowa na maganar buhu nawa aka loda, da asarar da ake yi in albasa ta ruɓe a rudu. Amma lawashin da mata ke dakawa su shanya su yi gabu fa, wa ya taɓa zama ya lissafa abin da yake kawo wa gida? A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, shinkafar Kebbi ta shiga labarai, manyan injinan casa suka ƙaru. Abin farin ciki ne. Amma ga tambayar mai nazarin jinsi: in shanshera ta tafi kai tsaye daga gona zuwa babban inji, matan da ke gumi da casa a gida, cinikinsu ƙaruwa ya yi ko raguwa? Wannan tambaya ce da ɗalibi zai iya amsawa da ƙafarsa da littafin rubutu, daga Jega zuwa ƙauyukan fadama.

Ga wata. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don wani shirin tallafa wa sana'o'in mata a jihohi shida, Kebbi na ciki, kuma Maiyama na cikin ƙananan hukumomin da aka fara da su, tare da Argungu da Ngaski. Tsarin shi ne mata su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su riƙa tara kuɗi suna ba juna rance, kusan adashi ne da aka yi wa littafi. To bayan an raba tallafi an ɗauki hoto, ƙungiyoyi nawa ne suka ci gaba da zama? Kuɗin a hannun matar suka tsaya? Jarin ya girma ko biki ya cinye? Wanda ya fi dacewa ya bi diddigi shekara bayan shekara shi ne malamin jami'ar da ke maƙwabtaka, mai jin harshen mutanen, ba ƙwararren da zai sauka daga Abuja ya kwana biyu a otal ba.

Haka shirin AGILE na karatun ’yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko. Gina aji abu ne mai kyau. Amma ku tuna abin da aka gano a Kano tun shekarun 1970: in yarinya ita ce ƙafar sana'ar uwarta, duk wanda ya ce ta bar talla ta tafi makaranta sai ya faɗi yadda ƙuli-ƙulin zai isa kasuwa. Ga kuma tsoro. Tun sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, uban da ya ce ba zai kai ’yarsa makarantar kwana ba, ba za ka kira shi jahili kai tsaye ba. Bincike na gari yana rarrabe waɗannan dalilai, don kowanne maganinsa daban.

Na uku, hidima ga al'umma

Nan ne ciwon yake. A wannan ƙauyen da na ba ku labari, rana ta ƙarshe wata tsohuwa ta tare ’yar ajin nan tawa a bakin ƙofa, ina jin su. Ta ce: “Ɗiyata, ku ɗiyan makaranta kullum kuna zuwa da takardu. Bara kun zo, bana kun zo. Mi kunka yi da abin da munka hwaɗa muku?” Ba mu da amsa. Gaskiyar ita ce nawa furojet ɗin an yi masa bango mai kyau, an ba ni maki, yana can cikin kabad. Da Turanci na rubuta shi. Ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ba ni lokacinsu bai taɓa jin abin da na gano ba. Kuma wannan ba laifin makaranta ɗaya ba ne, haka tsarin yake kusan ko'ina: ana ƙara wa malami girma da yawan takardun da ya wallafa, ba a cika tambayarsa ko ya koma ƙauyen ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu a masarautar Gwandu muna da samfurin wannan aiki tun kafin a san wani abu wai shi jami'a a ƙasar nan. Nana Asma'u ’yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ɗiyar wan Abdullahi Fodiyo ce, mutumin da jami'armu ta Aliero ke ɗauke da sunansa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta san matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo gabanta ba, sai ta kafa tsarin ’Yan Taru. Tana zaɓar dattijuwa mai mutunci a gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji ta zo ta ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, ta koma ta shiga gida-gida tana koyarwa. Ku duba abin da ta yi: harshen mutane, ta hannun wadda aka yarda da ita, a wurin da matan suke. Abubuwan nan uku su ne dai masana ke ta rubuta littattafai a kansu yau.

Mahaifinta ma ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajiransu a waje su bar matansu da ’ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka duk wanda ya ce maka kai ilimi cikin gida baƙon abu ne, ka ce masa ya koma ya karanta tarihin gidansu.

To me za mu iya yi?

Ba zan tsaya a kan gwamnati ta yi kaza ba, don yawancin masu sauraronmu ɗalibai ne da waɗanda suka gama.

In kana shirin furojet, ko wane fanni kake, raba bayananka gida biyu: maza nawa, mata nawa. Wannan kaɗai yana tona abubuwa da yawa. Kada ka tambayi mace “kina sana'a?” Tambaye ta jiya daga asuba zuwa dare me da me ta yi, kuma wanne ne ya kawo kuɗi. In kai namiji ne, nemi ’yar ajinku ku tafi tare, kai zaure, ita cikin gida, kuma ku fara da gaishe da mai gari da liman, ku faɗi abin da ya kawo ku. Kada ku yi alkawarin tallafin da ba ku da shi don a amsa muku tambaya. Kada ku ɗauki hoton kowa ku saka a Facebook ba da izninsa ba.

In kun gama, ku taƙaita abin da kuka gano a shafi ɗaya da Hausa, ku koma ku karanta musu. In babu kuɗin mota, saƙon murya na minti uku a WhatsApp zai isa wurin uwar adashi ko malamar Islamiyya, su ne jajin zamaninmu.

’Yan'uwana mata da ke karatu a Aliero da Jega da Birnin Kebbi, akwai ƙofofin da ku kaɗai za ku iya shiga. Bayanin da ke bayan ƙofofin nan, in ba ku ɗauko shi ba, za a ci gaba da tsara manufofi a kan amsar zaure.

Malamanmu kuma, muna roƙo da ladabi: a sa komawa ga al'umma ya zama wani ɓangare na makin furojet, ko da maki biyar ne. Ɗalibi in ya ji maki, zai koma.

Ni ma akwai bashi a kaina. Na ciro tsohon furojet ɗina, na fara mayar da shi Hausa, kuma in Allah Ya yarda bayan girbi zan koma ƙauyen nan in karanta musu, har da wurin da na yi kuskure na rubuta cewa matansu ba sa sana'a.

Aikin gida na wannan makon: ka zauna da Inna, ko Gwaggo, ko Yaya, ka tambaye ta abin da ta yi jiya tun daga asuba, ka rubuta. Ka lissafa nawa za ka biya in da haya ka ɗauki wani ya yi. Ku turo mana abin da kuka samu, ba sai da suna ba, za mu karanta wasu a shiri na gaba.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.